Geron da aka ba ni daga garin masu haƙar zinari, zan iya dama wa yaro kunu da shi?

Maman Khalil:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min, kwana uku kenan abin nan yana cina a rai na rasa wanda zan tambaya. Satin da ya wuce mun je ƙauyen su maigidana ta'aziyyar kawunsa, can cikin Zamfara ne, kuma garin yanzu kusan kowane gida akwai mai zuwa haƙar zinari, samari duk sun koma rami an bar tsofaffi da gona. Da za mu taho surukata, Allah ya saka mata da alheri, ta haɗo mana tsaraba, gero kusan rabin buhu, wake tiya shida, sai garin dawa da ta riga ta kai niƙa ta tankaɗe da hannunta tace na tuwon jikanta ne.

To abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da na raka ƙanwar maigidan kai niƙa. Rumfa ɗaya ce amma inji biyu ne a ciki, ɗaya na hatsi ɗaya na niƙa dutsen da suke haƙowa, tsakaninsu bai fi taku biyar ba, ƙura ta turnuƙe wajen har gashin idon mai injin ya yi fari, ga kwanukan niƙan mata a jere a ƙasa yawanci ba murfi, ga yara zaune kan buhunan dutsen suna jiran layi ya zo kansu. A gida ma na ga an baza wake a tsakar gida a ƙasa haka nan ko tabarma babu, gefe ɗaya kuma buhunan dutsen ƙanin maigidana ne jingine da bango. Lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da muka dawo na jiƙa geron zan yi wa Khalil kamu, ina rege shi a ƙwarya sai na ga banda tsakuwar da aka saba gani akwai wani abu baƙi-baƙi ya kwanta a ƙasan ƙwaryar yana ɗan ƙyalli kamar an daka kwalli. Nan gabana ya faɗi, na tuna labarin gubar dalma da muka dinga ji a rediyo tun ina gida.

Na yi wa Abban Khalil magana yace in daina sa wa kaina damuwa, da wannan geron suka girma ba abin da ya same su, kuma wa zai zubar da rabin buhun gero a wannan tsadar. Gaskiya ta nan na fahimce shi, balle kyautar uwa ce. Amma yaron nan shekararsa ɗaya da wata takwas, kwanan nan na yaye shi, kunu ne abincinsa safe da yamma, ga shi kuma ina da ƙaramin ciki. Shin in na wanke sosai na dafa ya tafasa gubar tana mutuwa? Garin dawan fa, da waken? Sannan sati ɗaya cur muka yi a can yana ta wasa a tsakar gidan nan yana sa hannu a baki.

Hajiya Mai Koko:

Wa alaikumus salam 'yata. Na fi shekara ashirin ina sana'ar koko, gero daga ko'ina na saya na dama, ni dai abin da na sani in kika surfa kika bakace kika wanke ruwa uku huɗu kika rege da kyau to kin raba shi da datti. Wake kuma damuwarsa maganin ƙwari ne da 'yan kasuwa ke zuba masa, irin su fiya-fiya, ki baza shi ya sha rana kwana biyu, in kin zo dafawa ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Sauran kuma wuta za ta kashe in sha Allahu. Ki kwantar da hankalinki ke da kike da juna biyu, Allah ya raba lafiya.

Ɗan Anka:

Hajiya ki yi haƙuri ki gafarce ni, ba musu nake da babba ba, amma maganar wuta za ta kashe ɗin nan ita ce ba zan iya yin shiru a kanta ba, domin mu abin a gabanmu ya faru.

Maman Khalil, hoton da kika zana na rumfar niƙan nan wallahi har tsigar jikina ta tashi, don haka garuruwanmu suke a 2009 zuwa 2010. Zinari ya yi kuɗi, kowa ya shiga, ana kwaso dutse daga daji a buhuna a kawo shi cikin gida, mata su farfasa da guduma wasu su daka a turmi, turmin nan dai da za a surfa gero da shi da yamma, sannan a kai injin niƙa, wasu injinan ma na hatsi ne aka maida su na dutse. A shanya garin dutsen a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen yankinmu cike yake da dalma, zinarin ɗan kaɗan ne a ciki. Abin da aka fara lura da shi ma agwagi ne, suka dinga mutuwa har suka ƙare a wasu garuruwan, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Sai yara suka fara. Yaro zai kama amai, ciwon ciki, ya daina cin abinci, sai jijjiga, kwana ɗaya biyu a kai shi makwanci. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iska ce aka dinga turare da rubutu. Ɗiyar yayana tana cikin waɗanda suka tafi, ba ta cika shekara uku ba, da safe tana bina tana riƙe min riga, washegari da la'asar mun dawo daga maƙabarta.

A watan Maris na 2010 likitocin MSF, waɗanda ake ce wa na gari na kowa, suka shigo aikin sanƙarau suka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa, maganin zazzaɓi kuma ba ya aiki, aka ɗebi jini aka kai waje aka gano dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A Dareta da Yargalma kaɗai da aka bi gida gida aka ƙirga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar 118 sun mutu a cikin shekara ɗaya, ki lissafa, ɗaya cikin huɗu kenan. Na'urar gwajin dalma a jini da suka zo da ita iyakarta maikrogiram 65 ce a desilita, yara da yawa sai dai ta nuna sun wuce abin da take iya karantawa. Ga sauran ƙauyukan da abin ya shafa, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, ga Bagega da sai 2013 aka samu aka share ta saboda jinkirin sakin kuɗi. Sharar kuma ba da tsintsiya ba ce, kankare ƙasar tsakar gida ake yi da fartanya a zuba a buhuna a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa, wasu ɗakunan a yi musu daɓen siminti. Sarakuna suka hana shigo da dutse cikin gari. Likitocin nan sun fi shekara goma suna ba yara magani. Kuma duk da haka a 2015 sai ga shi ya sake faruwa a jihar Neja, ƙaramar hukumar Rafi wajen Shikira, yara 28 suka rasu.

Waɗanda suka rayu ma ba duka suka dawo daidai ba, akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata amma magana ba ta fita sosai, karatu ba ya zama. Ki ce wa maigidanki lokacin da suka girma da geron ba a niƙa dutse kusa da shi. Geron bai canza ba, abin da ke sauka a kansa ne ya canza. Ni a ganina kada ki ba yaron garin dawan nan ko cokali ɗaya.

Malamin Kemistri:

Allah ya jiƙan ɗiyarku Ɗan Anka, ya sa mai ceto ce. Duk abin da ka faɗa haka yake.

Hajiyarmu, shawararki ta surfe da rege tana kan hanya, zan dawo kanta, amma akwai abubuwa guda uku da mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali kowanne daban. Akwai maganin ƙwari da ake zuba wa wake, shi ne ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, wannan iska da rana da wanki suna rage shi. Akwai gubar fumfuna da ke kama masara da gyaɗa in ba su bushe ba. Sannan akwai ƙarafa masu guba, dalma, kadmiyum, arsenik, zaiba wato makyuri da masu wankin zinari ke kama zinarin da ita. Su waɗannan ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe, ƙarfe ne, ki tafasa kunu daga asuba har magariba dalmar tana nan yadda take, ruwa ne kawai zai ƙone ya bar ta. Ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗanon tuwo.

Hanyar da suke shiga hatsi biyu ce babba. Ko dai shuka ta zuƙo daga ƙasa da ruwan ban ruwa ya shiga cikin ƙwayar, ko kuma ƙura ta sauka a kan hatsin bayan girbi, wajen sussuka, shanya, surfe, niƙa, ajiya. Dalma ba ta cika hawa har cikin ƙwayar gero ko dawa ba, yawanci a saiwa take maƙalewa. Shi ya sa da masu bincike suka bi diddigin abincin ƙauyukan Zamfara bayan abin da ya faru, suka tarar mafi yawan dalmar da ke cikin abincin yara ba daga gona ta taho ba, a wajen sarrafa hatsi da wake a gurɓatattun gidaje ta shiga. Wannan labari ne mai ɗan daɗi a gare ki Maman Khalil, don abin da ke bayan ƙwaya ana iya rage shi sosai, wanda ya shiga gari kuwa ya shiga kenan, ba rariyar da za ta raba ƙurar dutse da garin dawa tunda laushinsu ɗaya. Garin nan ki haƙura da shi, kuma kada a ba kaji ko awaki, a ƙulle shi a leda a kai inda yara da dabbobi ba sa kaiwa.

Don ki ga ƙanƙantar abin da ake magana a kai, ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta sa iyakar dalma a hatsi miligiram 0.2 a kowane kilo, a wake da danginsa 0.1. Wato buhu mai kilo 100 na gero in dalmar da ke cikinsa gaba ɗaya ta wuce miligiram 20, kimanin nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya tak, ya tsallake iyaka. A wasu gidajen Zamfara kuwa an auna ƙasa an samu dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar, kinga ɗan abin da zai maƙale a ƙasan ƙwarya ya isa. Abin da kika gani yana ƙyalli zai iya zama baƙin yashi ne mai ƙarfen da ba ya cutarwa, zai iya zama dutsen dalma, shi ne dai dutsen da ake dakawa a yi kwalli. Ido ba zai raba miki gardama ba, kuma wadda tafi haɗari ita ce ƙurar da ta fi ƙarfin ido. In kin ajiye abin ki busar da shi ki ƙulle, ki haɗa da ɗan geron da waken da garin kowanne a ledarsa, sashen kemistri na manyan jami'o'inmu suna da na'urar auna ƙarafa a abinci, ana biya a yi gwaji.

In dole sai an ci geron saboda halin da ake ciki, to a surfa shi sosai dusar ta fita a zubar da ita, a wanke a rege ana canza ruwa har ya fito garau, a kai injin da ba ruwansa da dutse, kuma manya su ci. Waken a wanke kafin a jiƙa, a zubar da ruwan jiƙon, in an cire bawon kamar za a yi ƙosai ko alale ya fi. Amma ke mai ciki da Khalil ku bar shi sai an gwada, tiya biyu daga kasuwa ta ishe shi kunu na makonni.

Sauran ƙarafan kuma halinsu daban, su suna shiga cikin ƙwayar. Kadmiyum shuka tana zuƙarsa da sauƙi, musamman shinkafa da alkama, yana zuwa daga ruwan ma'adinai da masana'antu da wani takin zamani mai fosfet, in ya shiga jiki a ƙoda yake taruwa ya yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A Japan, mahaƙar Kamioka ta dinga sakin ruwa a kogin Jinzu manoman lardin Toyama na ban ruwan shinkafa da shi, mata manya suka dinga fama da ciwon ƙoda ƙasusuwansu na karyewa da ɗan motsi, saboda ihun azaba da suke yi aka sa wa cutar suna itai-itai, kamar mu ce wayyo wayyo, sai 1968 gwamnatinsu ta amince kadmiyum ne. Arsenik kuma abokin shinkafa ne don tana tsayuwa cikin ruwa, Bangaladesh ce ta fi shan wahalarsa saboda ruwan rijiyoyinsu, yana kawo ciwon fata da kansa bayan shekaru. Nan girkinmu na gida ya taimake mu, dafa shinkafa a ruwa mai yawa a tace a turara yana rage kusan rabin arsenik ɗin. Mu a Kano damuwarmu ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai mai ɗauke da kuromiyum, da ruwan Jakara da ake noman rani da shi, ko da yake ganye irin su latas da alayyahu sun fi hatsi kwasa.

Abu na ƙarshe tunda damina na zuwa, irin shuka da aka yi wa magani mai launi kada a ci shi ko an wanke. A Iraƙi a 1971 an raba alkama da sha'ir na shuka da aka feshe da maganin zaiba aka rina su ja, gargaɗin da ke jikin buhun da Turanci da Sifaniyanci aka rubuta, mutane suka wanke jan ya fita suka ɗauka gubar ta tafi suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. Maganin da ake sa wa iri yanzu ba zaiba ba ce amma shi ma guba ne.

Mai Inji:

Salam. Ni sana'ata kenan niƙa da markaɗe, shekara 14. Ina roƙon jama'a kada a ji wannan a ce duk hatsin da ya fito daga Zamfara ko duk injin niƙa guba ne, manoma da mu masu inji da wannan muke ci da iyali, kuma yawancin garuruwa ba ruwansu da haƙar zinari. Amma gaskiya ɗaya ce, wanda ya haɗa injin dutse da na hatsi a rumfa ɗaya ya zalunci mutane ko bai sani ba. Kuma injin da ya taɓa cin dutse ko ka canza masa faranti garin yana nan maƙale a lungunan cikinsa, ba ya fita duka. Malam ina da tambaya, mu farantin niƙanmu yana cinyewa, bayan 'yan kwanaki sai an kai wasawa, wata biyu uku ka sayi sabo, to ina ƙarfen yake tafiya in ba cikin garin mutane ba? Ni dai in na ɗaura sabon wasawa dusa nake fara zubawa ta wanke shi in zubar kafin in karɓi niƙan kowa, na taɓa sa maganaɗisun tsohuwar sifika a cikin wannan dusar ya fito da gashi-gashin ƙarfe baƙi. Shi ma dalma ce?

Malamin Kemistri:

Mai Inji Allah ya yi wa sana'a albarka, abin da kake yi da dusar nan daidai ne ka ci gaba. Wanda maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne, dalma ba ta bin maganaɗisu. Haɗarinsa bai kai na dalma ba ko kusa, sai dai farantin da aka zuba da tarkacen ƙarafa yana iya ɗaukar wasu abubuwan a haɗe, don haka in da hali a sayi mai kyau wanda ba ya saurin cinyewa, kuma kada a matse shi fiye da kima, nan ne ya fi zubar da ƙarfe.

Anti Nas:

Maman Khalil ƙanwata, ni hankalina ma ya fi tafiya kan satin da yaron ya yi yana wasa a tsakar gidan fiye da geron da bai riga ya sha ba. Yaro mai shekarunsa komai baki yake kaiwa, kuma hanjinsa yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa, ƙwaƙwalwarsa kuma yanzu take ginuwa. Shi ya sa Abbansa zai iya cewa ba abin da ya same shi kuma gaskiyarsa ya faɗa, babba yana ɗauka ya yi ta yawo da ita sai can gaba ta fito masa a hawan jini ko ciwon ƙoda.

Kada ki jira alama. Yawancin yaran da ke da dalma a jini lafiya lau za ki gansu, sai an shiga makaranta a ga yaro ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. In ta yi yawa ne ake ganin rashin cin abinci, ciwon ciki, bayan gida ya ɗaure, ƙarancin jini, yawan kuka ko yawan barci, amai, in ta kai ga jijjiga ko suma to wannan a ruga asibiti ne ko tsakar dare ne. Ki kai shi babban asibiti ki ce wa likita ƙarara kun yi sati a gidan da ake ajiye dutsen zinari kina so a yi masa gwajin dalma a jini, ke ma a yi miki, ki faɗa a wajen awo. Ki yi da wuri don dalma ba ta daɗewa a jini, wajen wata ɗaya rabinta ya bar jinin, mai yawa ta koma ƙashi ta zauna shekaru, kuma lokacin ciki da shayarwa jiki na jan sinadarin ƙashi sai ta biyo ta wuce wa jariri ta mabiyiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, daga maikrogiram 5 a desilita ake neman inda take fitowa a raba yaro da shi, maganin da ke fitar da ita kuwa sai ta kai wajen 45 ake ba yaro kuma a hannun likita. Kada wani ya ce miki madara ko manja ko wani jiƙo na karya ta, ba ya karyawa.

Abin da abinci ke yi shi ne rage zuƙa. Yaron da cikinsa ba komai ko jininsa ya yi ƙasa ya fi kwasar dalma, don haka kada ya zauna da yunwa, ki ba shi ƙwai, hanta, kifi, zogale, kindirmo, wake mai tsabta, ɗan lemo ko gwaiba. Ke kuma kada ki yi wasa da maganin ƙarin jinin da ake ba ku a awo. Kayan da kuka je da su ki wanke su daban, takalma da jaka da tabarma ki goge da tsumma mai ruwa, kada ki kakkaɓe a ɗaki. Sannan tunda an ambaci kwalli, dan Allah mata mu daina sa wa jarirai na dutse, yaro zai murza ido ya kai hannu baki. Tukwanen nan da muke ce wa na dalma ma asalinsu alminiyum ne, amma masu zubi suna narka duk tarkacen da suka samu har da kayan injin mota, an gwada irinsu a Kamaru an samu suna sakin dalma, kada ki bar abu mai tsami kamar kunun tsamiya ya kwana a ciki.

Maman Khalil:

Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, Ɗan Anka Allah ya jiƙan yarinyar nan, na karanta naka ina hawaye. Jiya da daddare na miƙa wa Abban Khalil wayar ya karanta da kansa, ya daɗe bai ce komai ba, can yace shi ma ya tuna lokacin da aka ce agwagin wani ƙauye kusa da su sun ƙare. Yau da safe shi ya kai mu asibiti aka ɗebi jininmu ni da yaron, garin dawan na ƙulle shi a leda biyu na ɗora can saman katanga kafin a fitar da shi, na ɗebi kaɗan kaɗan na kowanne yadda Malam yace, ƙanina ɗalibi ne zai kai sashensu. Hajiya na bi naki na surfen, geron yana wajen masu surfe yanzu na ce kada su haɗa dusar da ta kowa.

Yanzu abin da ya hana ni barci yaran gidan can ne, jikokin Inna bakwai ne a tsakar gidan nan, biyu ma rarrafe suke, ga matar ƙanin nasa da tsohon ciki ita ce mai shara kullum da safe ƙura na tashi. Ni suruka ce ba zan iya ɗaga waya in ce wa Inna abincin gidanta da guba ba, kuma dutsen nan da shi suke ci. Abban Khalil yace zai je da kansa ranar Juma'a ya fara samun mai gari da liman kafin ya shiga gida, zai tafi da tamfol biyu na shanya da robobi masu murfi na kai niƙa, ya roƙi ƙaninsa ya fitar da buhunan bayan gari ya dinga wanka da canza kaya a can kafin ya shigo ya ɗauki yara. Ɗan Anka in akwai yadda kuka bi da masu inji a wajenku har suka yarda suka raba rumfa dan Allah ka rubuto min kafin Alhamis. Sakamakon jinin sun ce sai Litinin.